Uwar Alƙaryu: Hakkin Ƙauye A Kan Birni

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zaunar da bayinsa a cikinta, waɗansu a birane, waɗansu a ƙauyuka, waɗansu a rugage, ya kuma rataya abincin sashensu a hannun sashe, domin kada wani ya ce ya wadatu ga barin ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wa'azin wannan mako yana magana ne a kan wani hakki wanda mutane da yawa ba su lissafa shi a cikin hakkokin da za a tambaye su gobe ƙiyama, watau hakkin mutanen karkara a kan mutanen birni. Kowa ya san hakkin iyaye da na maƙwabci da na maraya. Amma sau da yawa ɗan birni yakan ci tuwo safe da dare, shekara da shekaru, bai taɓa tunanin cewa akwai wani nauyi a kansa game da wanda ya duƙa ya noma dawar ba. Alhali kuwa Alƙur'ani mai girma da Sunna sun yi bayanin matsayin birni a tsakiyar ƙasar da ke kewaye da shi, sun kuma nuna cewa matsayin nan amana ce.

Makka, birnin da ba a noma

A cikin Suratul An'am da Suratush Shura, Allah ya kira Makka da sunan Ummul Ƙura, watau Uwar Alƙaryu, ya kuma umarci Manzonsa da ya yi gargaɗi gare ta da waɗanda ke kewaye da ita. Har wa yau a cikin Suratul Ƙasasi ya bayyana cewa ba ya halaka alƙaryu sai ya aika manzo a cikin uwarsu. Malaman tafsiri sun ce hikimar wannan ita ce babban gari shi ne abin bi ga ƙananan garuruwa. Abin da aka faɗa a cikinsa yakan isa ko'ina, zama can ake zuwa cin kasuwa da neman shari'a da ɗaukar karatu. To, ya kamata mai hankali ya lura da sunan da aka zaɓa. An ce uwa, uwa kuwa an san ta da shayarwa da reno da haƙuri da ɗawainiyar 'ya'ya. Birnin da ya karɓi girman uwa, tilas ya karɓi wahalarta.

Abin mamaki kuma, wannan uwar alƙaryu ba ta da gona. Sa'ad da Annabi Ibrahimu ya ajiye Hajara da ɗanta Isma'ila a wurin, ya ambata a cikin addu'arsa cewa kwari ne wanda ba a shuka a cikinsa, ya roƙi Allah ya karkato da zukatan mutane zuwa gare su, ya arzuta su da 'ya'yan itatuwa. Allah ya karɓa, amma bai mai da kwarin fadama ba. Sai ya sanya abincin Makka yana zuwa daga hannun waɗansu: inabi da sauran 'ya'yan itace daga Ɗa'ifa, alkama daga Yamama, dabbobi da man shanu daga makiyayan jeji. Ƙuraishawa kuma suna fita fatauci sau biyu a shekara, da hunturu zuwa Yaman, da bazara zuwa Sham, kamar yadda Suratu Ƙuraishin ta ambata, ta kuma tunatar da su cewa ni'ima biyu ce ta riƙe garinsu, ƙoshi da zaman lafiya. Duk biyun kuwa sun rataya ne ga lafiyar hanya da yardar ƙabilun da ayari ke ratsawa ta ƙasarsu.

Labarin Sumamatu ɗan Usali ya isa shaida. Shi babba ne daga Banu Hanifa, mutanen Yamama. An kamo shi aka ɗaure shi a jikin ginshiƙin masallacin Madina kwana uku, sa'an nan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a sake shi ba fansa. Ganin wannan karimci sai ya musulunta, ya wuce Makka yin umra. Da Ƙuraishawa suka yi masa gori, sai ya rantse cewa ko ƙwayar alkama ba za ta ƙara zo musu daga Yamama ba sai da izinin Manzon Allah. Ya koma gida ya cika maganarsa. Ba a daɗe ba yunwa ta kama Makka, har manyan garin, da dukan girman kansu, suka rubuta wa Annabi takarda suna haɗa shi da zumunta. Shi kuwa ya aika wa Sumamatu ya bar abinci ya wuce. A nan akwai darasi biyu. Na farko, birni komi alfarmarsa, idan karkara ta riƙe hannunta sai ya durƙusa. Na biyu, Annabin rahama bai yarda a yi amfani da yunwa a kan mata da yara ba, ko da na abokan gaba ne.

Kasuwar Madina

Da aka yi hijira a shekarar 622 ta Miladiyya, Madina ta zama cibiyar Musulunci. Ita gari ce ta dabino da noma, amma duk da haka ba ta wadatu da barin ƙauyuka da makiyaya ba. Annabi ya gina masallaci, ya kuma keɓe wa Musulmi filin kasuwa, sa'an nan ya kafa dokokin da za su tsare mutunci tsakanin mai kawo kaya da mai saye.

Ɗaya daga cikinsu ita ce hana tarbar fatake a hanya. Watau mutum ya fita bayan gari ya tare wanda ya ɗauko kaya daga ƙauye, ya saye a hannunsa tun bai iso kasuwa ya ji farashi ba. Hadisin yana cikin Buhari da Muslimu, kuma a ruwayar Muslimu an ba mai kayan zaɓi idan ya iso kasuwa, ko ya bar cinikin ko ya warware shi. Malamai sun yi saɓani a kan dalilin hanin. Imamu Shafi'i ya tafi a kan cewa an yi shi ne domin kada a cuci baƙo wanda bai san farashi ba. Imamu Maliki kuwa yana ganin an yi shi ne domin mutanen kasuwa, kada mutum ɗaya ya kwashe araha shi kaɗai ya zo ya tsawwala wa sauran jama'a. Mai lura zai ga cewa maganganun nan biyu ba su karo da juna, domin mai tare hanya yakan cuci bakin biyu a lokaci guda: manomi ya sayar da hasara, talakan birni ya saya da tsada.

Doka ta biyu ita ce hana ɗan gari ya sayar wa baƙauye kayansa. Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya fassara wannan da cewa kada ya zame masa dillali. Surarsa ita ce baƙauye ya zo da hatsinsa yana so ya sayar a farashin ranar ya koma gida, sai ɗan gari ya ce masa ya bar shi a hannunsa, zai riƙa fitarwa kaɗan kaɗan har ya yi tsada. Wannan bai haramta dillanci na gaskiya ba, domin magabata da dama sun halatta ladan dillali. Abin da aka toshe shi ne ƙofar wasa da abincin jama'a. Haka nan kuma ya tabbata a cikin Muslimu cewa mai ɓoye abinci domin ya yi tsada mai saɓo ne.

Bayan doka kuma akwai kyakkyawar mu'amala. Tirmizi ya kawo a cikin littafinsa na Shama'ilu labarin wani mutumin ƙauye mai suna Zahiru, wanda yakan kawo wa Annabi tsarabar jeji duk sa'ad da ya shigo Madina. In zai koma sai Annabi ya haɗa masa guzuri da kayan birni, ya kuma bayyana cewa Zahiru shi ne ƙauyensu, su kuwa su ne birninsa. Zahiru ba mai kyawun sura ba ne, amma wata rana Annabi ya same shi a kasuwa yana sayar da kayansa, ya rungume shi ta baya yana yi masa raha a gaban mutane. Da Zahiru ya ƙasƙantar da kansa, sai Annabi ya shaida masa cewa a wurin Allah shi mai tsada ne. Haka kuma da wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci saboda rashin sani, sahabbai suka tasar masa, Annabi ya hana su, ya ce a zuba guga na ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya koya masa cikin lumana. To, ina wannan hali, ina halin wanda ya mai da kalmar baƙauye zagi? Suratul Hujurati ta hana waɗansu mutane su yi wa waɗansu izgili, ta kuma tabbatar da cewa fifiko a wurin Allah da taƙawa yake. Ganuwa ba ta ƙara wa kowa daraja a kan mizani.

Ilmi da zakka su koma inda suka fito

Madina ba ta riƙe ilmi a cikin gidajenta ba. Maliku ɗan Huwairisu ya ba da labarin cewa sun zo wurin Annabi su samari ne tsara ɗaya, suka zauna kwana 20. Da ya ga sun yi begen gida, sai ya umarce su su koma ga iyalansu su zauna a cikinsu, su koya musu, su yi salla yadda suka ga yana yi. Wannan shi ne abin da Suratut Tauba ta shimfiɗa, cewa daga kowace jama'a a sami waɗansu su fita neman fahimtar addini, domin su yi wa mutanensu gargaɗi idan sun koma. Sharaɗin komawa yana cikin ayar. Wanda ƙauyensu suka sayar da akuya da damin gero suka tura shi karatu, ya sami abin da ya samu, sa'an nan ya yi zamansa a birni ba ya ko leƙa su, ya ci rabin umarnin ya bar rabi.

Dukiya ma haka take. Sa'ad da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabalu zuwa Yaman, ya gaya masa cewa zakka ana karɓarta daga mawadatansu a mayar ga matalautansu, ya gargaɗe shi kada ya zaɓi mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin ba ta da shamaki tsakaninta da Allah. Daga nan ne malaman Malikiyya suka ce ana raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ake ƙasaru sai idan na can sun fi tsananin bukata. Saboda haka attajirin birni wanda yake da gona a ƙauye, idan ya yi girbi ya kai nisabi, watau wusƙi 5, daidai da sa'i 300, to, ushirin da ke kansa, ko rabin ushiri in noman ban-ruwa ne, matalautan wannan ƙauye su suka fi cancanta da shi. Bai kamata a loda hatsin duka a mota a wuce da shi, waɗanda suka yi masa ƙwadago suna kallo ba.

Shekarar toka

Babbar jarrabawa ta zo a zamanin Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, a shekara ta 18 bayan hijira. Fari ya sauka a Hijaz har ƙasa ta koma kamar toka, shi ya sa ake kiran shekarar Amur Ramada. Dabbobi suka mutu, mutanen jeji suka kwararo Madina dubbai, suka sauka a gefen gari. Umaru bai rufe musu ƙofa ba. Ya sa aka ƙidaya su, ya naɗa mutane a kan kowane sashe na gari, aka kafa manyan tukwane, waɗanda ba su iya zuwa saboda ciwo ko tsufa aka riƙa kai musu har masaukinsu. Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, masu tarihi kuma sun ambata cewa Abu Ubaida ya zo daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Shi kansa Halifa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har mutane su samu, ya zauna a kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi a wannan shekara. Sa'an nan ya fita roƙon ruwa tare da Abbas baffan Annabi.

Da ruwa ya sauka, sai ya yi wani abu wanda ya kamata shugabanni su yi nazarinsa. Ya sallami mutanen jeji su koma wurarensu, ya ba su guzuri, ya ɗauki raunanansu a kan dabbobi. Ya san cewa idan masu kiwo da masu noma suka zama mabarata a bakin birni, to, baɗi kowa zai rasa. Bayan an buɗe Masar kuma ya sa Amru ɗan Asi ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya, domin jiragen hatsi su riƙa isa gaɓar Hijaz. Har a kan gadon mutuwarsa, Buhari ya ruwaito cewa ya yi wa wanda zai gaje shi wasiyya da alheri ga mutanen birane, ya kuma yi masa wasiyya da alheri ga mutanen ƙauye, yana mai bayyana su da cewa su ne tushen Larabawa kuma ƙarfin Musulunci.

Alƙur'ani ya kuma nuna makomar garin da ya manta. A cikin Suratun Nahli an buga misali da wata alƙarya mai aminci da natsuwa, wadda arzikinta ke zo mata a yalwace daga kowane wuri, ta butulce wa ni'imar Allah, sai aka tufatar da ita yunwa da tsoro. A cikin Suratu Saba'i kuma ga labarin mutanen da aka jera musu garuruwa kusa da juna, matafiyi yana zango cikin aminci dare da rana, suka raina wannan ni'ima, aka tarwatsa su suka zama labari. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani a cikin Muƙaddimarsa cewa zaman karkara shi ne asali, birni daga gare shi yake tsirowa, kuma zalunci a kan dukiyar mutane yana kashe musu zuciyar nema, idan zuciyar nema ta mutu sai gari ya rushe.

A ƙasar Hausa

Magabatan wannan ƙasa sun san haka. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, abin da ya raya ta kuwa shi ne hatsi da auduga da fata da baba da ke shigowa ta ƙofofin gari daga ƙauyuka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel ya fara, ƙaramin wuri, ya yi shekaru yana yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, yana yi wa talakawa magana da harshen da suke ji. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa cewa yana daga aikin shugaba ya kula da manoma da maƙera da marina da sauran masu sana'a, ya watsa su cikin garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa a tanadi abinci. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar.

A zamanin baya-bayan nan ma an ga aya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin fatauci, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu. Ba a cikin birni aka noma ko ƙwaya ɗaya ta dalar gyaɗa ba. Da farin 1973 ya zo, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975, hankalin hukuma ya koma ga man fetur, sai dalar ta ɓace. A waɗannan shekaru na fari mutane da yawa daga karkara da kuma ƙasar Nijar sun kwararo biranen Arewa neman abin sawa a baka. A shekarun nan kuma rashin tsaro ya kori manoma da makiyaya daga garuruwansu a Borno da Zamfara da Katsina da Sakkwato, suka cika Maiduguri da Gusau da sauran birane. Ɗan birnin da ya ɗauka abin bai shafe shi ba, ya gane kurensa a bakin mai awo. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, abin da ake nema ga kowa a fili yake. Ɗan kasuwa ya bar tare manoma a hanya, ya bar mudu biyu, na saye da na sayarwa, ya tuna da azabar da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo alkawari. Wanda ke ba manomi buhu da damina domin ya karɓi biyu da kaka ya sani wannan riba ce tsantsa. In taimako yake nufi, shari'a ta buɗe masa ƙofar salam, watau ya biya kuɗi a take a kan awo sananne da ajali sananne. Malami ya keɓe wa ƙauyuka wani rabo na lokacinsa, domin akwai garuruwan da ke da masallaci ba su da mai gyara musu Fatiha. Ma'aikacin da aka tura makarantar ƙauye ko asibitin ƙauye ya zauna a bakin aikinsa, zama albashin da ya karɓa ba tare da aiki ba haram yake ci. Masu mulki su auna rabon rijiya da hanya da magani da tsaro da ma'aunin adalci, domin talakan da ke tunga mai nisa yana cikin kiwon da za a tambaye su. Maigida kuma ya dubi ɗan ci-rani da almajiri da wanda ya gudo daga garinsu da idon da Madina ta dubi baƙinta a shekarar toka. Mutanen karkara su ma akwai nasu nauyi: kada a jiƙa hatsi ko auduga domin su yi nauyi, kada a sa ruwa a madara, kada a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan buhu, domin Annabi ya barranta daga mai algushu.

Allah ya zaunar da birane da ƙauyuka lafiya, ya mai da waɗanda aka kora gidajensu cikin aminci, ya ba da damina mai albarka, ya sanya tausayi a zukatan shugabanni da mawadata, ya gafarta wa iyaye da malamai da dukan Musulmi. Amin. Wasalam.